Dutsen Adamu a Takardar Baturiya: Me Tsohon Zane Ke Iya Shaidawa?

Tsohon zane yana iya zama hujja? Wannan ce tambayar da ke ƙarƙashin gardamar da kan tashi idan wani ya ɗora hoton Dutsen Adamu na ƙasar Siri Lanka a Facebook ko a zauren WhatsApp, ya rubuta a ƙasa cewa ga inda Annabi Adamu, Alaihissalam, ya fara taka duniya. Kafin ka ce kwabo an rabu gida-gida. Wasu na kabbara, wasu na cewa ƙaryar Turawa ce, wasu na cewa kwamfuta ce ta haɗa shi jiya-jiyan nan. Akwai kuma masu cewa in dai tsoho ne kuma yana hannun Turawa, to sato shi aka yi, a mayar wa masu shi kamar yadda ake mayar da tagullan Binin.

Zanen da zan yi misali da shi na wata Baturiya ce 'yar Sikotlan, Constance Gordon-Cumming. Ta hau dutsen a farkon shekarun 1870, ta zana ɗakin ibadar da ke ƙololuwarsa tare da inuwar dutsen da sassafe, daga baya aka buga shi a littafinta na zaman da ta yi a Silon, wanda ya fito a 1892. Silon shi ne sunan ƙasar har zuwa 1972. Masana suna kiran irin wannan aiki zanen fentin ruwa na zamanin Biktoriya, kuma rashin warware waɗannan kalmomi shi ke haifar da rabin gardamar.

Wane dutse ne wannan?

Tsawonsa mita 2,243, yana kudu maso yammacin tsaunukan da ke tsakiyar tsibirin. Akwai waɗanda suka fi shi tsawo a ƙasar, amma shi ya tsaya a ware, kansa a tsine kamar malafa, har matuƙan jiragen ruwa na dā kan hango shi daga teku su san sun iso. Samansa ɗan fili ne wanda bai fi tsakar gida ba. A tsakiyar filin akwai falalen dutse, a jikin falalen kuma akwai gurbi mai siffar tafin ƙafa, tsawonsa wajen mita 1.8. Saboda wannan gurbi ake hawan.

Sinhalawa, waɗanda su ne mafi rinjaye a ƙasar kuma yawancinsu mabiya addinin Budda ne, suna ce masa Siri Pada, wato sawu mai tsarki. Suna kuma kiransa Samanala Kanda, sunan da ake dangantawa da Saman, abin bautar da suka ɗauka shi ke gadin dutsen. Lokacin ziyara yana farawa ranar da wata ya cika a Disamba, ya ƙare ranar da ya cika a Mayu. Sauran watanni ruwan sama da iska ne ke da wurin. Da tsakar dare ake kama hanya domin a riski fitowar rana a sama, kuma ta ɓangaren garin Hatton, inda hanyar ta fi gajarta, matakalar ta haura dubu biyar. Wanda ya isa akwai ƙararrawa da zai kaɗa, bugu ɗaya ga kowane hawa da ya taɓa yi a rayuwarsa. Tsohuwar da ta kaɗa sau ashirin ba ta buƙatar ta gaya wa kowa komai.

Fentin ruwa, ɗan'uwan tawada

Duk wanda ya taɓa dafa tawada a tsangaya ya riga ya san sirrin fentin ruwa. Garin launi ne ake kwaɓawa da ƙaro, a tsarma da ruwa, a shafa a takarda. Ruwan ya bushe, ƙaron ya riƙe launin. Ƙaron da masana'antun Ingila ke amfani da shi a ƙarni na 19 daga Afirka yake zuwa, galibi daga bakin kogin Senegal da yankin Kordofan na Sudan, daga itacen dakwara, irin wanda ake tsaga a Yobe da Borno da Nijar da Cadi. Ke nan a jikin takardar Baturiyar nan akwai gumin wani mai tsintar ƙaro a Sahel da ba wanda ya rubuta sunansa.

Me ya sa matafiyan Ingila suka rungumi wannan fenti haka? Sauƙin ɗauka ne. Fentin mai yana son ƙyalle mai kauri da katako, yana kuma kwana da kwanaki bai bushe ba. Na ruwa kuwa cikin 'yan mintoci ya kama. Tun wajen 1781 William Reeves ya fara sayar da shi a dunƙule kamar ƙananan sabulai, sannan kamfanin Winsor & Newton, wanda aka kafa a Landan a 1832, ya fito da mai danshi wanda burushi ke ɗauka nan take. Akwatin fenti ya koma abin da ke shiga aljihun riga.

Kyamara ta riga ta zo a lokacin, amma wahalarta ta fi ƙarfin kan dutse. Dabarar da aka fi amfani da ita tun 1851 tana buƙatar faifan gilashi da za a shafa wa magani, a ɗauki hoto, a wanke shi a cikin tanti mai duhu, duk kafin maganin ya bushe. Ka ƙiyasta ɗaukar gilasai da kwalabe da tanti zuwa ƙololuwar nan cikin dare, ga iska, ga sanyi. Kuma bayan duk wannan baƙi da fari za ka samu, domin hoto mai launi bai shiga kasuwa sosai ba sai 1907. Wanda ke son nuna wa mutanen Landan launin alfijir a Silon ba shi da abin da ya wuce burushi.

Mutum iri biyu aka fi koya wa wannan sana'a a Ingila. Akwai hafsoshin soja, waɗanda ake koya wa zanen ƙasa a makarantu irin ta Woolwich domin su iya nuna tudu da kwari da mashigar gari. Akwai kuma 'ya'yan manya mata, waɗanda zane ke cikin tarbiyyarsu kamar kiɗan fiyano. Fenti ɗaya, takarda ɗaya, wani na aikin leƙen ƙasa, wata na ɗebe kewa, kuma sau da yawa a gida ɗaya suke kwana. Zamanin Biktoriya kuwa shi ne shekarun sarautar Sarauniya Biktoriya, 1837 zuwa 1901. Ta rasu shekara biyu kafin Turawa su ci Kano.

Fentin ruwa yana da rauni guda da ya shafi maganarmu ta hujja: haske na cinye shi. Shuɗin baba yana daga cikin masu saurin kodewa, shi ya sa za ka ga tsohon zane sararin samaniyarsa ta koma ja-ja, alhali mai zanen shuɗi ya gani. Tun 1888 aka buga rahoton binciken da gwamnatin Ingila ta sa aka yi a kan wannan matsala. Gidajen tarihi a yau a cikin aljihun tebur suke ajiye irin waɗannan takardu, sai jefi-jefi a fito da su a ɗaki mai dishi-dishin haske. Launin da ka gani a wayarka ya bi ta hannun shekaru, ya bi ta na'urar ɗaukar hoto, wataƙila ya bi ta hannun wani da ya ƙara masa armashi kafin ya tura.

Matar da ta riƙe burushin

An haifi Constance Gordon-Cumming a Altyre ta arewacin Sikotlan a 1837, makonni kaɗan kafin Biktoriya ta hau gadon sarauta, ta rasu a Crieff a 1924. 'Yar gidan sarauta da dukiya ce, ba ta yi aure ba, ta kashe shekarun ƙarfinta a tafiya: Indiya, Silon, Fiji, Kalifoniya, Jafan, Sin, Hawayi. Zane-zanenta na fentin ruwa sun haura dubu. A Silon baƙuwar Bishop na Kolombo ce, Hugh Jermyn, kuma wannan ya buɗe mata ƙofofin gidajen jami'an mulki da na Turawa masu gandaye. Kirista ce mai riƙo, wadda ta ƙarar da ƙarshen rayuwarta tana tara wa wata makarantar makafi ta 'yan mishan a birnin Beijin taimako. Tana da ido, tana da juriya, ba kowace mace ko namiji na zamaninta ke hawan irin wannan dutse ba. Amma addinan da ta tarar a can da idon mai goyon bayan mishan ta kalle su.

Ƙasar da ta sauka kuwa tana hannun danginta. Ingila ta karɓe gaɓar tsibirin daga Holan a 1796, ta ci masarautar Kandy da ke kan tsaunuka a 1815, da yarjejeniyar da ta yi alkawarin kare addinin Budda. A 1840 aka yi dokar da ta mai da duk ƙasar da ba a iya nuna takardar mallakarta ba ta zama ta gwamnati, aka yi ta sayar wa Turawa daji suna sarewa suna dasa kofi, aka kwaso Tamilawa daga kudancin Indiya su yi ƙwadago. Daidai shekarun da ta zo ana buɗe gandaye a Dikoya da Maskeliya, a gindin dutsen nan. Cutar ganye da ta bayyana a 1869 ta riga ta fara cin kofin, kuma ita ce ta sa daga baya aka koma shayi. Wanda ya kalli zanen ƙololuwa, shiru, gajimare a ƙasa, ba zai ji ƙarar gatari ba.

Sawu ɗaya, masu shi huɗu

Mabiya Budda sun ce sawun ƙafar hagu ta Budda ne. Tsohon kundin tarihinsu, Mahawamsa, wanda aka rubuta wajen ƙarni na 5 ko na 6, ya ambaci zuwansa dutsen. Sarakunansu sun yi wa wurin hidima: Wijayabahu na Ɗaya, wanda ya yi mulki daga 1055 zuwa 1110, ya ba da ƙauyen Gilimale waƙafi don ciyar da maziyarta, Nissanka Malla kuma ya hau da kansa a ƙarshen ƙarni na 12. Da yawansu sun yi imani cewa sawun na ainihi yana ƙarƙashin falalen, a kan dutse mai daraja, na saman nan murfi ne kawai. 'Yan Hindu sun ce na Shiba ne, ɗaya daga cikin manyan ababen bautarsu. A ƙarshen ƙarni na 16 Sarki Rajasinha na Sitawaka ya miƙa wurin ga masu bautar Shiba, sai a tsakiyar ƙarni na 18 Sarki Kirti Siri Rajasinha na Kandy ya mayar da shi hannun limaman Budda. Wasu Kiristoci na zamanin da 'yan Fotugal suka shigo tsibirin sun ce na Toma ne, almajirin Annabi Isa.

Musulmi kuwa labarinsu ya fi shafarmu, kuma ya fi tsufa fiye da yadda ake zato. Fataken Larabawa da Farisawa da ke zuwa sayen yaƙutu suna kiran tsibirin Sarandib, sunan da duk wanda ya zauna gaban malami ana karanta ƙissoshin annabawa ya taɓa ji. Marko Polo, matafiyi ɗan Italiya, a ƙarshen ƙarni na 13, ya rubuta cewa akwai sarƙoƙin ƙarfe a jikin dutsen da ake kamawa a hau, kuma Musulmi na danganta wurin da Adamu.

Wanda ya fi kowa ba da bayani shi ne Ibnu Batuta, mutumin Tanja ta Maroko, wanda ya hau a 1344. Ya ce sun hango dutsen daga teku kamar ginshiƙin hayaƙi. Sarkin da ya sauke shi ɗan Hindu ne, kuma da ya tambaye shi abin da yake so, ya ce ba abin da ya kawo shi sai ziyarar sawun Adamu. Sarkin ya haɗa shi da 'yan rakiya, cikinsu har da masu bautar Hindu da suka saba zuwa duk shekara. Ya ce hanya biyu ce, ta Baba da ta Mama, wato Adamu da Hauwa'u. Ta Mama mai sauƙi ce, amma wanda ya hau ta nan ana ɗaukarsa kamar bai yi ziyara ba. Ta Baba ita ce mai sarƙoƙi goma, ta goman ana ce mata sarƙar shahada, domin wanda ya kai nan ya leƙa ƙasa, tsoro kan sa ya yi kalmar shahada ba tare da an tuna masa ba. Ya auna sawun ya ce taƙi goma sha ɗaya ne. Ya ce al'adar maziyarta su kwana uku a wani kogo da ake kira na Halliru, suna zuwa wurin sawun safe da yamma. Wannan Ibnu Batutan dai shi ne ya iso Takedda, a ƙasar Nijar ta yau, a 1353, har ya ambaci Gobir da Borno a cikin wuraren da ake kai tagullar garin. Ƙafa ɗaya ce ta taka can ta taka nan.

To me addini ya ce? Alƙur'ani ya faɗi saukowar Adamu da matarsa zuwa ƙasa, bai ambaci wuri ba. Malaman tarihi da tafsiri irin su Ɗabari da Ibnu Kasir sun kawo ruwayoyi daga magabata, kuma ruwayoyin sun saɓa: wata ta ce a Indiya ya sauka, a kan wani dutse na Sarandib, Hauwa'u kuma a Jidda, wata ta ce a kan Safa da Marwa, wata ta ce a wani wuri tsakanin Makka da Ɗa'ifa. Labari ne da ake ruwaitowa, bai kai matsayin abin da aka wajabta wa Musulmi ya gaskata ba. Shi ya sa kalmar da ta dace da hawan dutsen ita ce ziyara. Masu fassara daga Turanci kan rubuta "aikin hajji" domin Turawa kalma ɗaya suke da ita ga duka biyun, kuma wannan kuskure ne mai tayar da ƙura a banza. Ko ziyarar ma malamai sun yi saɓani a kanta: masu riƙe da zahirin hadisin da ya ce ba a ɗaura sirdi sai zuwa masallatai uku suna hana irin wannan tafiya in da nufin ibada ce, malaman ɗariƙu kuma sun fi sassauci a kan ziyarar wuraren da ake dangantawa da bayin Allah.

Zanen ba ya cikin wannan shari'a ko kaɗan. An yi shi shekara fiye da ɗari biyar bayan Ibnu Batuta. Abin da zai iya shaidawa shi ne yadda wurin yake a ranar da mai zanen ta zauna a can.

Sunan da aka rubuta a ƙasan zanen

Ga wani abu da masu cewa ƙaryar Turawa ce ba su lura da shi ba. Sunan Dutsen Adamu da ke jikin taswirorin Ingila daga bakin Musulmi ya samo asali. 'Yan Fotugal, da suka iso tsibirin a farkon ƙarni na 16, sun tarar da fataken Musulmi a tashoshin ruwa suna kiransa haka, suka ɗauka. Holan ta gada daga gare su, Ingila ta gada daga Holan. Sunan ya yi wa Bature daɗin baki domin Adamu yana cikin littafinsa shi ma.

Sai dai a duba ta ɗaya gefen. Mafi yawan mutanen da ke hawa dutsen, da limaman da ke kula da shi, ba su taɓa kiransa haka ba. Idan Baturiya ta rubuta Dutsen Adamu a ƙasan zanenta, ta zaɓi sunan da masu karatunta suka sani, ta bar na masu wurin. Bahaushen da ya ga rubutun ya ce to ga shi har Turawa sun tabbatar, ya yi zagaye ne ya dawo inda ya tashi: maganar kakannin fataken Musulmi ce ta je Lisbon da Landan ta dawo masa da hular Bature.

Inuwar, da abin da burushi ya tsallake

Abin da ya fi jan hankalin mai zanen shi ne abin da ke jan hankalin kowa a can. Da rana ta ɓullo daga gabas, inuwar dutsen kan faɗa yamma, a miƙe, mai kusurwa uku cif kamar dalar gyaɗa, kuma sau da yawa sai a ga kamar ta tashi tsaye a cikin iska. Masu ibada na ganin aya ce. Bayaninta a kimiyyance shi ne inuwar tana da tsawon gaske, wanda ke tsaye a ƙololuwa kuma yana kallon tsawonta ne daga tushenta, sai gefunanta biyu su yi kamar sun haɗu a nesa, yadda layin dogo ke tsukewa a idon mai hange. Tashin da take yi kuma hazon safiya ne ke tare ta kafin ta kai ƙasa. Wani masanin yanayi ɗan Ingila, Ralph Abercromby, ya hau a 1886 musamman don ya ga wannan. Ana ganin irinta a wasu duwatsun, har da Fuji na Jafan, wanda ita ma Gordon-Cumming ta hau.

Inuwar ba ta daɗewa. Cikin ɗan lokaci rana ta ɗaga, ta janye. Ba mai zanen da zai gama aiki a wannan taƙi, da yatsu a sandare don sanyi. Abin da ake yi shi ne a ja layuka da fensir, a ɗan shafa launi, a riƙe sauran a ka, a ƙarasa daga baya. Kuma duk mai zane yana da ikon da mai kyamara na lokacin ba shi da shi: ya matsar da dutse, ya rage taro, ya cire abin da ya ɓata masa tsari. Masu sayen zane a Ingila suna son wuri mai kwarjini da kaɗaici, mutane 'yan kaɗan a gefe don a gane girman dutsen. Masu dakon da suka ɗauko kayan baƙi, da hayaniyar masu ziyara, da tsofaffin da ake ja da hannu, ba su cika samun shiga irin wannan takarda ba. Idan kuma aka zo buga littafi, wani ma'aikacin ɗab'i ne zai sake juya zanen, galibi launin ya zube.

Muna da namu misalin a gida. Heinrich Barth, Bajamushen da ya yi tafiya da kuɗin gwamnatin Ingila, ya hau Dala a 1851 ya zana Kano. Hoton da aka buga a littafinsa a 1857, wanda har yau ake yawo da shi a matsayin tsohuwar Kano, wani mai zane ne a Jamus, Bernatz, ya gyara shi daga zanen Barth, kuma shi bai taɓa taka Kano ba. Hoton yana da amfani ƙwarai, yana nuna faɗin birni da filayen da ke cikin ganuwa da itatuwan dabino. Amma ba Bakanon da zai yarda a yanke masa iyakar gidan kakansa da shi. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Duk da haka ban yarda da masu watsar da irin waɗannan zane-zane gaba ɗaya ba. Turawan da suka hau Siri Pada a ƙarni na 19 sun bayyana ɗakin ibadar a matsayin 'yar rumfar katako a kan ginshiƙai, buɗe ta kowane gefe, an ɗaure ta da sarƙoƙi a jikin dutse kada iska ta yi gaba da ita. Wannan rumfa babu ita yanzu. Mai son sanin siffarta dole ya koma ga rubutun baƙi da zanensu, ya gwada wannan da wancan, ya ga inda suka dace. Shaidar baƙo shaida ce, in an san inda ya tsaya da wanda ya yi wa aiki.

Kayan sata ne?

A nan ana haɗa abu biyu da ba su haɗu ba. Tagullan Binin sojojin Ingila ne suka kwashe su daga fada a 1897. Siri Lanka ma tana da irin wannan ciwo: a 2023 Holan ta mayar mata da kayayyaki shida, ciki har da wata igwa mai ado da aka kwashe daga fadar Kandy a 1765, kuma mutum-mutumin wata abar bautar mabiya Budda mai suna Tara da tsohon gwamna Robert Brownrigg ya bayar a 1830 yana gidan tarihin Birtaniya har yanzu. Waɗannan kayan mutanen ƙasa ne, su suka ƙera abinsu.

Zanen Gordon-Cumming kuwa takardarta ce, fentinta ne, hannunta ne. Ba wanda aka ƙwace wa. Ƙorafin da ke da ƙafa shi ne na samun gani: ayyukanta sun warwatsu a gidajen tarihi da hannun masu saye a gwanjo, nesa da jikokin mutanen da ta zana. Tunda ta rasu a 1924 haƙƙin mallakar ayyukanta ya ƙare, kowa na iya bugawa. Wannan sauƙin ne kuma ya sa suke yawo a intanet ba suna, ba shekara, kowa na liƙa musu labarin da ya ga dama. Wanda aka turo wa irin wannan hoto ya fara da tambayar wa ya zana, yaushe, kuma a ina takardar take a yau. In ba amsa ko ɗaya, zamanin da kwamfuta ke ƙirƙiro tsohon zane cikin daƙiƙa ya isa dalilin yin hattara.

Dutsen a yau

Ana yawan kafa misali da Siri Pada a matsayin wurin da addinai huɗu ke hawa matakala ɗaya ba faɗa, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma wurin yana da masu riƙe da makulli, limaman Budda ne, kuma ibadar da ake yi a sama tasu ce. A ƙidayar 2012 mabiya Budda sun kai kashi 70 cikin ɗari na al'ummar ƙasar, 'yan Hindu wajen 13, Musulmi kusan 10, Kirista wajen 7. Ƙasar ta sha yaƙin basasa daga 1983 zuwa 2009, an kai wa Musulmi hare-hare a Aluthgama a 2014 da yankin Kandy a 2018, sannan ga harin bama-bamai na ranar Ista a 2019 da ya ƙara dagula zama. A Kuragala, kusa da Balangoda, akwai wurin ziyara da Musulmin ƙasar ke dangantawa da Shehu Abdulƙadir Jilani, masu kishin addinin Budda kuma suka ce tsohon mazaunin limamansu ne. A 2013 an rushe wasu gine-ginen Musulmi a wurin. A irin wannan yanayi tambayar wa ya riga wa zuwa tana iya rushe gini, kuma kowane ɓangare yana neman tsohon abu da zai ɗaga sama. Mai tura zane daga Kano ko Maraɗi da taken cewa an ƙwace wa Musulmi dutsensu yana zuba mai ne a wutar da ba shi za ta ƙona ba.

Gandayen kofin da Gordon-Cumming ta ratsa sun zama na shayi, jikokin Tamilawan da aka kwaso suna nan suna tsinkar ganye, suna cikin mafi ƙarancin albashi a ƙasar. Dajin da ya tsira an killace shi tun 1940, ya shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2010, kuma babbar damuwarsa yanzu robobi da ledojin da maziyarta ke zubarwa. Tun wajen 1950 aka ja wutar lantarki a hanyar, da dare sai ka ga fitilu sun yi layi har sama. Inda Ibnu Batuta ya kama sarƙa yana shahada, yanzu siminti ne da ƙarfen dafawa, ga masu shayi a kan hanya. Sawun kansa yana cikin ɗaki, yawanci a lulluɓe da farin ƙyalle, kuma masu kula da wurin ba sa barin a ɗauke shi hoto.